Batirin Kawu da dangogin soket: littafin aiki

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Tun damina Kawu ya sa sola a shagon ƙanƙararsa da ke Mabera, a Sakkwato: faifan rana a bisa rufi, inbata, da batirin lithiyom guda mai jan firiza huɗu. Damuwarsa ba ta wuce ɗaya ba. Idan ya koma gida Runjin Sambo da dare, bai san ko caji zai kai asuba ba, sai ya zo da safe ya laluba leda ya ji ko ƙanƙara ce ko ruwa. Na yi masa alkawarin ƙaramin akwati da zai riƙa sauraron batirin yana turo masa adadin caji a waya.

Kayan da na tara: Raspberry Pi 3 (ƙaramar kwamfuta mai girman tafin hannu), ƙaramin allo mai ɗauke da MCP2515 wanda zai haɗa ta da wayar batirin, modem na 4G mai shiga ta USB, da katin ajiya. Batirin da inbata suna zance ta wayoyi biyu murɗaɗɗu a kan tsarin CAN, wanda kamfanin Bosch ya fito da shi a 1986 domin motoci. A Linux, tsarin da ke tafiyar da Pi ɗin, hanyar shiga wannan zance ita ce a buɗe soket, wato ƙofar da manhaja ke aikawa da karɓar saƙo ta cikinta. Da na faɗi haka a shago, Kawu ya nuna mini bango ya ce, "Ga soket nan har uku, wanne kaka so?" Na ce ba irin wannan ba ne, Kawu, nawa a cikin kwamfutar yake. Ya ce to Allah shi ba da sa'a, ya ci gaba da lissafin ledojinsa.

Akwai wani buri nawa na kaina da ban gaya masa ba. Ina so in harhaɗa kanel, wato zuciyar Linux da ke tsakanin manhajoji da na'ura, da hannuna, in yanke duk dangin soket da akwatin ba ya buƙata, don ya tashi da sauri kuma ƙofofinsa su ragu.

Talata, 14 ga Janairu

Hazo ya rufe gari, ban fita ba. Na kwaso tushen kanel 6.6 na Pi, na buɗe fayil ɗin include/linux/socket.h na zauna a kansa.

Duk manhajar da ke son magana da wata ta soket, a cikin na'ura ɗaya ko a ƙetaren teku, tana kiran socket ne da abu uku: dangi, iri, da ƙa'ida. Dangi shi ne na farko, kuma shi ke yanke kamannin adireshi da sashen kanel da zai karɓi aikin. Wannan fasali daga Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli ya fito, cikin 4.2BSD na 1983, kuma har yau ba a sake masa zani ba.

Lambobin sun tashi daga 1 sun kai 45. Na 1 shi ne AF_UNIX, na 2 AF_INET, wato intanet da muka sani. Daga nan sai ka shiga abin da ya fi kama da maƙabarta: AX.25 na masu rediyon sha'awa a 3, IPX na Novell a 4, AppleTalk a 5, X.25 a 9, DECnet a 12, Econet na kwamfutocin Acorn na Ingila a 19, IrDA a 23. Wasunsu an kwashe aikinsu daga kanel ɗungurungum. Econet ya fita a 2012, IrDA da IPX a 2018, DECnet kuma a siga ta 6.1 a ƙarshen 2022. Amma lambarsu tana nan, ba a ba kowa ba, domin tsohuwar manhajar da aka harhaɗa da lamba 12 a cikinta ba za a so ta wayi gari tana magana da baƙo ba. Kamar kangon gida ne a cikin tsohon gari, mai shi ya daɗe da rasuwa, amma ba wanda ya isa ya ce filin nasa ne.

Wanda nake nema, AF_CAN, yana 29.

Abu biyu na rubuta a gefen takarda. Na farko, kowane AF yana da tagwai mai suna PF, kuma lambarsu ɗaya. Tun asali an yi tsammanin dangin ƙa'ida guda zai iya ɗaukar adireshi iri-iri, shi ya sa aka ware suna biyu. Hakan bai faru ba, sunayen suka zauna. Na biyu, kada in taɓa rubuta lambar da hannu a cikin manhaja. AF_INET 2 ne kusan ko'ina, amma AF_INET6 10 ne a Linux, 23 a Windows, 28 a FreeBSD, 30 a macOS.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na yi yankan farko, kuma na yi shi gaba gaɗi. A menuconfig, inda ake zaɓar abin da zai shiga kanel, na bi sashen sadarwa ina kashewa: rediyon sha'awa, ATM, AppleTalk, Bluetooth, NFC, TIPC, RDS. Hannu ya yi zafi, na haɗa da IPv6, da PACKET, da UNIX. A raina na ce akwatin da zai karanta batiri ya tura lamba ɗaya, CAN da INET sun ishe shi. Ga bayanin da ke gefen UNIX ƙarara yana cewa ka bar shi a kunne sai in ka san abin da kake yi. Na ɗauka na sani.

An ɗauke wuta harhaɗawa tana tsakiya, batirin laftof ya ƙarasa ta da ƙyar. Na zuba a kati, na kunna Pi. Rubutu ya gudana a allon talabijin, systemd, manhajar da ke tayar da sauran hidimomi, ya fara tashi, ya tsaya cik. Ko wurin shigar da suna bai kai ba.

Sai da na koma na karanta na ga girman wautar. AF_UNIX ba ya fita waje ko taku ɗaya, aikinsa tsakanin manhajojin cikin na'ura ne, kuma adireshinsa sunan fayil ne kawai, mai gurbin bayit 108. Ta nan systemd ke jin cewa hidima ta tashi, ta nan ake kai rahoto ga journald mai ajiye rahotanni, ta nan D-Bus mai isar da saƙo tsakanin manhajoji ke tafiya. Kuma yana da abin da INET ba shi da shi: kanel na iya gaya maka ainihin wanda ke ɗaya bakin, har manhaja na iya miƙa wa 'yar'uwarta buɗaɗɗen fayil ta cikinsa. Na toshe zaure ne da ƙofofin ɗakuna, ina tsammanin ƙofar waje nake rufewa. Takardar systemd ma ta lissafa CONFIG_UNIX cikin abubuwan da ba ta tashi sai da su.

Na mayar da shi. Netlink kuwa, lamba 16, dangin da manhajoji ke magana da kanel ta cikinsa, na nemi inda zan kashe shi ban samu ba. Muddin ka kunna sadarwa, yana ciki. A ranar na ji haushi.

Asabar, 25 ga Janairu

Pi ya tashi, na shiga. Na soka modem, fitilarsa ta kama, kanel ya gan shi a matsayin katin sadarwa kamar na kebul. Adireshi dai babu. Na canza layi, na sayi data sabuwa, na ɗaga modem ɗin ta taga ina zagin kamfanin waya a zuci, alhali ba ruwansu.

Na ce bari in saurari abin da ke wucewa da tcpdump. Ya ƙi buɗewa, ya ce ba a san wannan dangin adireshi ba. Kuskure mai lamba 97, EAFNOSUPPORT. Nan take na gane abin da ke damun modem ɗin, don ciwonsu ɗaya. Na'urar da ta shigo sabuwa ba ta da adireshin IP, dole ta yi shela ta DHCP ta roƙa. To da wane baki za ta roƙa, tunda soket na INET sai da adireshi yake aiki sosai? Mai roƙon yana sauka ne ƙasa, ya buɗe AF_PACKET, lamba 17, ya ƙera ƙunshin da hannunsa tun daga kai, ya jefa a kan waya. Shi ma tcpdump ta nan yake leƙen abin da ke wucewa. Na cire tsani, sannan na cire fitilar da zan duba in ga babu tsanin.

Saboda ƙarfin da ke gare shi, ba kowa kanel ke bari ya buɗe PACKET ba, sai mai izinin CAP_NET_RAW. Wato ƙofar tana da maigadi tun kafin in zo da bulo. Na mayar da shi.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Yau IPv6 ne ya rama. Na sa nginx, manhajar da ke miƙa shafin yanar gizo, don ƙanina ya riƙa ganin shafin caji daga cikin shago, ya ƙi tashi, 97 kuma. A tsarinsa na asali akwai layi mai cewa ya saurara a [::]:80. Da na goge layin da an wuce wurin, amma na zaɓi in maido da dangin, saboda wani amfani da na tuna: duk katin da IPv6 ke kansa yana yi wa kansa adireshi mai farawa da fe80 ba tare da ya roƙi kowa ba. Ranar da DHCP ya sake lalacewa, ina iya soka waya tsakanin laftof da Pi in shiga kai tsaye, ba sai na ɗauko talabijin a kan mashin ba.

Cikin abubuwan da na yanke da gadara, uku sun dawo.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

CAN a gida, ba tare da batiri ba. Wannan sashe ya burge ni. Masu bincike na Volkswagen ne suka kawo shi, ya shiga kanel 2.6.25 a 2008, kuma dabararsu ita ce su ɗauki layin CAN kamar katin sadarwa, maimakon na'urar da manhaja ɗaya tak ke riƙewa. Saboda haka manhajoji da yawa na iya sauraron layi ɗaya a lokaci guda, kowace da matatarta. Akwai ma layin bogi, vcan, na gwaji. Na ƙirƙiri vcan0, na bar candump mai nuna saƙonnin layi a taga ɗaya, na tura saƙo da cansend a ɗayar, ya fito.

Saƙon CAN ɗan mitsitsi ne: lambar shaida mai bit 11 ko 29, da bayanin da bai wuce bayit 8 ba. Babu adireshin mai aikawa, babu na mai karɓa. Lambar tana faɗin abin da saƙon ya ƙunsa ne, kowa a kan layin yana ji, mai buƙata ya ɗauka, kamar mai shela a kasuwa. Python tun siga ta 3.3 ya san AF_CAN, don haka manhajar karatun ba ta kai layi hamsin ba.

Umarnin ip da nake ta amfani da shi wajen ƙirƙirar layin da saita gudunsa, ashe ta netlink yake isar da saƙonsa ga kanel. Gara da ba a ba ni wuƙar yanka shi ba.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ranar kunya. Na je Mabera bayan azahar, na raba wayar da ke tsakanin batiri da inbata, na ɗora allona a kai, na ta da can0, layin CAN na allon, a gudun bit 500000 a daƙiƙa kamar yadda takardar batirin ta ce. Candump shiru. Ban kai ga tunani ba inbata ya fara ƙara, jan haske ya kama, ya ce ya rasa batiri. Kawu ya taso daga kan tabarma: "Kai, mi ka taɓa?" Na ce ba komai Kawu, na zare wayata da sauri, ƙarar ta tsaya. Yaron shago ya juya baya yana dariya.

Laifi biyu ne, duka nawa. A config.txt, fayil ɗin saitin Pi, na rubuta cewa kiristal ɗin allon, mai ƙayyade masa gudu, 16 MHz ne, saboda haka na gani a misalin da na kwafa. Da na kai allon bakin ƙofa na share ƙura da babban yatsa, 8.000 ne rubuce a kan ɗan gwangwanin. Kanel ya yi lissafinsa da abin da na gaya masa, allon ya tashi a rabin gudun da ake so. Shi kuwa CAN ba ya yin shiru idan bai gane ba. Duk wanda ya ji saƙo ya ga kamar gurɓatacce ne, yakan buga alamar kuskure a kan layin don kowa ya zubar da saƙon. Allona da bai ji yaren ba sai ya riƙa katse wa batirin magana duk sanda ya buɗe baki. Baƙo ya shigo majalisa, bai fahimci zancen ba, yana ta ihun ƙarya ne.

Na biyu, rizisto. Layin CAN yana son om 120 a kowane ƙarshe, guda biyu kawai, ta yadda in ka kashe komai ka auna tsakanin wayoyin za ka ga kimanin 60. Da allona a kai, mita ta nuna 40. Akwai ɗan maɓalli a kan allon da ke ƙara rizisto na uku. Na cire shi.

Na gyara kiristal, kuma a wannan karon na ta da layin a yanayin sauraro zalla, listen-only, inda allon ba ya iya furta komai ko da ya so. Da haka ya kamata in fara. Sai ga layuka suna zubowa da lambobin shaidarsu: 351, 355, 356. A 355 bayit biyun farko 4E 00 ne, wato 78. Na duba fuskar inbata, kashi 78. Na kira Kawu ya gani, ya duba allon laftof ya duba inbata, ya ce, "Awo, sun yi daidai." Ya sa aka kawo mini zoɓo mai ƙanƙara.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya rage mini gudu, aikin ya koma bayan tarawihi. Na auna abin da duk yanke-yanken nan ya saya mini da systemd-analyze, na sa katin kanel na asali na sake aunawa. Bambancin bai taka kara ya karya ba. Daƙiƙun da ke tafiya wajen tashi, jiran modem ne ke cin yawancinsu. Dalilin a fili yake da na tsaya na yi tunani tun farko: a kanel na asali yawancin dangogin nan guntaye ne a ajiye a kan kati, ba a loda su sai an nema. Wanda ba a loda ba ba ya cin lokaci.

Amma a nan ne ainihin hujjar yankan take, ba a sauri ba. Idan manhaja ta nemi dangin da ba ya cikin ƙwaƙwalwa, kanel da kansa yake aika a nemo guntu mai laƙabin net-pf da lambar dangin, a loda. Ba ya tambayar ko mai neman babba ne ko ƙarami. Ma'ana kowane mai amfani, komai ƙanƙantar izininsa, yana iya sa a jawo tsohon sashen da ba wanda ya duba shekara da shekaru ya zauna a tsakiyar kanel. A 2010 an ga aikin wannan: rauni a RDS, lamba 21, ya ba mai amfani na gari damar zama shugaban na'ura, har a kwamfutocin da masu su ba su taɓa jin sunan RDS ba. Econet ma an same shi da irin wannan a shekarar. Don haka matattun dangogin da na cire, ban yi nadama ba. Kuskurena shi ne ban bambance wanda ba a amfani da shi da wanda ban san ana amfani da shi ba. Minti biyar da manhajar strace, mai nuna kowane kiran socket, da ya hutar da ni mako biyu.

Masu rai kuma, na sami wurin da ya fi dacewa a taƙaita su. A fayil ɗin hidima na systemd akwai RestrictAddressFamilies. Manhajar karatun batiri na ba ta AF_CAN da AF_UNIX kawai. Mai tura saƙo na ba ta INET, INET6 da UNIX. Ko wani ya shiga ta mai tura saƙon, ba shi da hanyar buɗe layin batiri.

Litinin, 10 ga Maris

Tsugune ba ta ƙare ba. Adadin kurakuran layi ya ɓace daga shafin. Manhajar karatun tana kiran ip ne a bayan fage don ta samo shi, kuma ɗa yana gadon takunkumin uwarsa: ip ya nemi netlink, aka ba shi 97. Wannan karon ban ɓata ko minti goma ba, lambar ta zama 'yar gida. Ban ƙara mata netlink ba. Adadin yana nan a fayiloli ƙarƙashin /sys/class/net/can0/statistics, na sa ta karanta daga can.

Kawu ya fara samun saƙo ƙarfe goma na dare da kuma lokacin sahur. Ya ce na sahur ɗin ya fi masa amfani, don a lokacin yake yanke ko za a kashe firiza ɗaya.

Asabar, 12 ga Afrilu

Zafin Sakkwato ya kankama, ciniki ya buɗe, layin masu kula da baro har bakin titi. Akwatin ya yi wata guda yana aiki, sau ɗaya kawai ya tsaya, shi ma data ce ta ƙare.

Wani abu ya fito daga saƙo na 356 da ban nema ba. Bayan ƙarfin wuta da yawan abin da ake ja, akwai zafin batiri. Jiya da la'asar bayit ɗin sun nuna 9F 01, wato 415, digiri 41.5. Na jera na kwana goma, kullum tsakanin ƙarfe uku da biyar yake hayewa. Ɗakin batirin rufin kwano ne ba silin, ba taga, kuma bayan firiza biyu yana hura masa iska mai zafi. Na nuna wa Kawu, na ce zafi irin wannan yana rage wa lithiyom kwana. Bai ce komai ba, amma yau na tarar da magini yana fasa bango ta gabas.

Ya kuma zo da sabuwar buƙata. Yana son sanin sanyin cikin kowace firiza, ba cajin batiri kaɗai ba, kuma ba ya son a huda masa murfi a zura waya. Ƙananan ma'aunan zafi masu Bluetooth za su yi, in siginarsu ta iya ratsa jikin firizar, kuma Pi 3 yana da rediyonsa a jiki. AF_BLUETOOTH, lamba 31, yana cikin waɗanda na kashe ranar 19 ga Janairu. Na sa laftof a caji tun yanzu. Ma'auni ɗaya zan fara saya in jefa a firizar da ta fi nisa da akwatin, in ga ko za a ji shi da murfi a rufe.